Yadda Ƙaramar Tsaga A Jikin Ƙarfe Ke Cinye Jarin Ɗan Kasuwa

BAUCHI — Duk wanda ya saba bin hanyar Bauchi zuwa Jos, ko ta Bauchi zuwa Gombe, ba zai rasa ganin tirela ko tifa a kwance a gefen titi ba, an jera ganye a bayanta, yaran mota na zaune a inuwarta suna jiran makaniki. In aka tambayi abin da ya faru, sau da yawa amsar ita ce sifirin ya karye, ko aksil ya tsinke, ko kuwa shasi ya rabu. Akan ƙara da cewa abin ya zo ne farat ɗaya, babu wata alama.

To amma masana kimiyyar ƙarfe sun daɗe da tabbatar da cewa ba safai ƙarfe yakan karye farat ɗaya ba. Galibi karyewar takan soma ne da wata 'yar tsaga a fatar ƙarfen, wadda ba ta kai kaurin gashi ba, ta yi ta cin ƙarfen a hankali tsawon watanni ko shekaru, har ranar da ragowar ƙarfen zai kasa ɗaukar kayan da aka aza masa. Akwai fannin ilmi na musamman da ke auna wannan tsaga, ya lissafa saurin girmanta, ya kuma ƙiyasta lokacin da za ta kai ga haɗari. Shi ake kira kimiyyar karyewar ƙarfe. Ko da yake injiniyoyi ne suka ƙago shi, amfaninsa mafi girma yana ga mai dukiya, domin shi ne zai yanke shawarar a tsaya a gyara ko a ci gaba da aiki, kuma aljihunsa ne zai ji a jika in shawarar ta zo a karkace.

Tsofaffin Ƙarafa, Sabon Nauyi

Wannan batu ya shafi Bauchi ƙwarai, saboda yawancin ƙarafan da tattalin arzikin garin ya dogara a kansu sun manyanta. Layin dogo ya iso Bauchi a shekarar 1961, ya zarce har Maiduguri a 1964, da taimakon rancen dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya bayar a 1958, wanda shi ne rancen farko da bankin ya ba Nijeriya. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka kafa kamfanin Steyr a Bauchi, da haɗin gwiwar wani kamfani na ƙasar Ostiriya, don harhaɗa taraktoci da manyan motoci. Yana ɗaya daga cikin masana'antun harhaɗa motoci shida na wancan zamani, tare da Peugeot a Kaduna, da Volkswagen a Legas, da ANAMMCO a Inugu, da Leyland a Ibadan, da kuma kamfanin harhaɗa manyan motoci na Kano.

Tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da darajar naira ta fara zubewa, ayyukan waɗannan masana'antu suka ja baya, zirga-zirgar jiragen ƙasa ma ta yi rauni. Kayan da a da jirgi ke ɗauka, irin su siminti da hatsi da dabbobi da takin zamani, suka koma kan titi. Masu sufuri kuwa suka koma sayen motocin da aka riga aka yi shekaru ana mora a Turai. Bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin kayan gyara na waje ya ƙara hawa, abin da ya sa mai mota ko mai injin ya fi son a yi masa walda a kan ya sayi sabo. A taƙaice, ƙarfe ya tsufa, nauyin da ake ɗora masa ya ƙaru, canza shi kuma ya yi tsada. A irin wannan hali ne sanin yanayin tsaga ya zama wani ɓangare na sanin kasuwanci.

Dalilin Da Ya Sa Tsaga Ke Da Haɗari

Mai sayar da yadi a kasuwar Wunti ya san asirin wannan kimiyya, ko da bai taɓa jin sunanta ba. In ya kama yadi da hannu biyu ya ja, ba zai yage ba. Amma da zarar ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi, ja kaɗan ya isa ya keta shi har ƙarshe. Abin da ya faru shi ne, ƙarfin jan da a da ya bazu a faɗin yadin duka, yanzu ya taru a wuri ɗaya, wato bakin tsagar.

Haka abin yake a ƙarfe. A shekarar 1913 wani injiniya ɗan Ingila, Charles Inglis, ya lissafa yadda ƙarfin ja ke taruwa a gefen huda. Huda mai siffar da'ira takan ninka shi sau uku a gefenta, kuma gwargwadon yadda bakin hudar ya yi tsini, gwargwadon yadda ninkin ke ƙaruwa. Tsaga kuwa ita ce huda mafi tsinin baki. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, wani ɗan Ingilan, A. A. Griffith, ya yi gwaji da gilashi, ya nuna cewa ƙarfin abu bai dogara ga irin abin kaɗai ba, ya dogara har ga girman tsagar da ke jikinsa. A 1957 George Irwin, masani a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, ya fito da ma'aunin da injiniyoyi ke aiki da shi har yau, wanda suke yi wa laƙabi da harafin K. Ma'aunin yana nuna tsananin ƙarfin da ya taru a bakin tsaga.

Abubuwa uku ke haɗuwa su ba da wannan ma'auni: nauyin da ke kan ƙarfen, da zurfin tsagar, da kuma siffarta da wurin da take. A ɗaya gefen kuma, kowane irin ƙarfe yana da iyakar abin da zai iya jurewa, wadda ake aunawa a ɗakin gwaji, ana kiranta juriyar tsagewa. Muddin ƙarfin da ke bakin tsaga bai kai wannan iyaka ba, ƙarfen zai ci gaba da aiki. Ranar da ya kai, tsagar takan keta ƙarfen kafin ƙiftawar ido.

Lissafin ya ƙunshi wani darasi da ya kamata kowane mai sufuri ya riƙe. In aka ninka nauyin da ke kan ƙarfe sau biyu, zurfin tsagar da zai iya jurewa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Wato ƙarfen da zai ɗauki tsaga mai zurfin milimita 16 a lodinsa na ƙa'ida, in aka ninka lodin, tsaga mai milimita 4 ta isa ta karya shi.

Tsagar da ke fatar ƙarfe ita ce ta fi damun injiniyoyi, saboda dalilai da dama. Na farko, idan ƙarfe ya lanƙwasa ko ya murɗa, fatarsa ce ke shan wahala fiye da cikinsa. Na biyu, a fatar ne tsatsa da ƙarzuwa da bakin walda da zaren noti suke, kuma daga irin waɗannan wurare ne tsaga ke tsirowa. Na uku, lissafi ya nuna cewa tsagar baki mai zurfin milimita 5 daidai take da tsagar ciki mai tsawon milimita 10, har ma ta ɗara ta da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Daɗin daɗawa, irin wannan tsaga takan nutsa ciki da siffar farcen babban yatsa, ta yadda abin da ido ke gani a waje layi ne siriri, zurfinsa kuwa sai an auna. Saboda wahalar lissafin wannan siffa, wasu injiniyoyi biyu na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, Newman da Raju, suka tsara ƙa'idojin lissafinta a wajejen 1979 zuwa 1981, kuma ana amfani da su har yanzu a cikin manhajojin kwamfuta.

Bashi Mai Haihuwa

Abin da ke sa tsaga girma shi ne abin da ake kira gajiyar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya ga gajiyar ƙarfe da idonsa. Kowace lanƙwasawa takan buɗe bakin tsagar ta rufe, ta ƙara mata wani ɗan tsawo da ido ba ya gani. An fara nazarin wannan al'amari ne a kan jiragen ƙasa, bayan da aksil ya karye ya haddasa mummunan haɗari kusa da birnin Paris a 1842. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru yana gwada aksil, ya gano cewa nauyi kaɗan da ake maimaitawa sau miliyoyi yana karya ƙarfen da nauyi mai yawa bai karya a karo ɗaya ba.

Miliyan kuwa ba ta da nisa. Tayar tirela takan juya kimanin sau 310 a kowace kilomita. Daga Bauchi zuwa Jos, tafiyar kimanin kilomita 130, wilin motar da notocin da ke riƙe da shi sun sha matsa da saki wajen sau 40,000. Sawu 25 kacal ya kai miliyan ɗaya. Ban da wannan, kowane rami a kan titi wata ƙarin girgiza ce ga sifirin da shasi.

A farkon shekarun 1960 wani masani Ba'amurke, Paul Paris, ya gano ƙa'idar saurin girman tsaga. A yawancin ƙarafan gini da na motoci, in aka ninka ƙarfin da ke buɗe tsaga sau biyu, saurin girmanta yakan ninku kimanin sau takwas. In aka ƙara nauyin da ke kan ƙarfe da kashi 20 cikin ɗari, saurin yakan ƙaru da fiye da kashi 70, kwanakin da suka rage wa ƙarfen kuma su ragu da kusan kashi 40. In ƙarin ya kai kashi 30, ragowar kwanakin ba za su kai rabi ba. Ke nan ribar da mai mota ke gani ya samu daga lodin da ya wuce kima, daga cikin rayuwar motarsa ya cire ta. Ya ci uwar kuɗi ne yana zaton riba ya ci.

Har ila yau, da yake zurfin tsaga na ƙara ƙarfin da ke bakinta, ƙarfin kuma na ƙara mata sauri, girmanta ya yi kama da bashi mai kuɗin ruwa, wanda ruwan ma ke haihuwa. Alal misali, bisa wannan ƙa'ida, in tsaga ta ɗauki wata takwas kafin ta tashi daga milimita 1 zuwa 4, wata huɗu kaɗai za ta ɗauka daga milimita 4 zuwa 16. Kashi biyu cikin uku na lokacin ya wuce ne tana ƙarama, ba ta ja hankalin kowa ba. A lokacin da direba zai lura da ita da ido, yawancin wa'adin ya riga ya ƙare.

Darussan Da Aka Saya Da Tsada

Ƙasashen da suka ci gaba ba su koyi wannan ilmi a banza ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta ƙera jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710, ta hanyar walda maimakon ƙusa. Da yawa daga cikinsu sun tsage, wasu ma sun rabe biyu. Binciken wata masaniya a Jami'ar Cambridge, Constance Tipper, ya nuna cewa ƙarfen da aka yi amfani da shi yakan rasa juriyarsa a ruwan sanyi, ya koma yana fashewa kamar tangaran. A 1954 jiragen sama biyu samfurin Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet, suka tarwatse a sama cikin wata uku, saboda tsagar gajiya da ta taso daga kusurwar wata taga. Kafin kamfanin ya farfaɗo, kamfanonin Amurka sun kama kasuwar.

A ranar 15 ga Disamba, 1967, wata gada da ake kira Silver Bridge ta rufta cikin kogin Ohio a Amurka, mutum 46 suka rasu. Sanadin kuwa tsaga ce a jikin ƙarfe ɗaya tak, wadda zurfinta bai kai milimita uku ba. A watan Maris na 1980, dandalin ma'aikatan haƙar mai na Alexander Kielland ya kife a tekun Noway, mutum 123 suka halaka. Tsagar ta samo asali ne daga wata 'yar walda da aka yi don liƙa ƙaramar na'ura, kuma an sami fenti a cikinta, alamar cewa tun daga masana'anta take. A Jamus, a watan Yunin 1998, ƙafar jirgin ƙasa mai gudu ta tsage a garin Eschede, mutum 101 suka rasa rayukansu. A Ingila, a watan Oktoban 2000, dogo ya farfashe a Hatfield saboda ƙananan tsage-tsage a samansa. Mutum huɗu ne suka rasu, amma rage gudu da gyare-gyaren da suka biyo baya sun durƙusar da kamfanin Railtrack mai kula da layukan dogon ƙasar a shekara mai zuwa.

Akwai kuma misalin tsagar da aka gano kafin ta yi kisa. A watan Mayun 2021 masu duba gada suka ga wani babban ƙarfe ya tsage a gadar da ta ratsa kogin Mississippi a birnin Memphis. Aka rufe gadar kusan wata uku, dubban manyan motoci suka riƙa zagaye kullum. An yi asarar kuɗi da lokaci, amma ba a rasa rai ba.

Game da jimillar asara kuwa, wani nazari da hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar a 1983 ya ƙiyasta cewa karyewar kayayyaki da ƙoƙarin hana ta na cin dala biliyan 119 a shekara, wato kimanin kashi huɗu cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa. Nazarin ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗi ana iya tsimin sa ta hanyar aiki da ilmin da ake da shi a hannu, ba tare da jiran wani sabon bincike ba.

Abin Da Ya Fi Barazana A Nan

Sanyin hunturun Bauchi bai kai irin wanda ya fasa jiragen Liberty ba. Abokan gaban ƙarfe a nan su ne lodi fiye da kima, da ramukan titi, da tsatsar damina, da kuma gyaran da ba a yi bisa ƙa'ida ba. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa da takin zamani da fitsarin dabbobi ke shiga tsaga a bodin mota, su haifar da tsatsa a ciki, tsatsar kuma ta ƙara wa tsagar sauri.

Walda ita ce gyaran da aka fi yi, ita ce kuma aka fi yin kuskure a cikinta. In aka shafa walda a saman tsaga ba tare da an gurje ta har tushe ba, an rufe ta ne kawai, tana nan tana ci a ƙarƙashi. In aka watsa wa walda ruwa don ta huce da wuri, ƙarfe mai tauri irin na aksil yakan yi gautsi a wurin. Sandar waldar da ta sha danshi ita ma takan haifar da ƙananan tsage-tsage da ke bayyana bayan awoyi ko kwanaki. Facin ƙarfe mai kusurwa huɗu da aka liƙa a shasi yakan tara ƙarfi a bakinsa, sabuwar tsaga ta fito daidai inda facin ya ƙare. Wannan ne ya sa kamfanoni da yawa masu ƙera manyan motoci ke gargaɗin kada a yi walda ko huda a leɓen shasi. Hudar da makanikai kan yi a ƙarshen tsaga don dakatar da ita dabara ce ingantacciya, domin tana dakushe bakin tsagar, sai dai jinkiri take sayowa, ba waraka ba. Sifirin da aksil da ƙugiyar ɗaga kaya da tukunyar gas kuwa, in sun tsage, canzawa ce kaɗai maganinsu.

Hanyoyin Ganowa

Abin farin ciki shi ne, tsagar baki ita ce mafi sauƙin ganowa, kuma wasu hanyoyin ba su fi ƙarfin ƙaramin gareji ba. Mataki na farko shi ne wanke ƙarfen a dube shi da fitila mai haske, musamman bakin walda da gefen huda da kusurwoyi. Siririn layin tsatsa, ko fenti da ya dare a miƙe, alamu ne da ba a rainawa. Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa sukan shafa wa ƙarfe mai da kananzir, su goge, su shafa farin alli, sai man da ya maƙale a tsaga ya fito ya zana ta a jikin allin. Wannan dabara ce aka inganta ta zama jan ruwan gwaji da ake sayarwa a gwangwanin fesawa. Akwai kuma hanyar maganaɗisu, inda ake barbaɗa garin ƙarfe ya taru a bakin tsaga. Don sanin zurfi, akan yi amfani da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta saurari amsa-kuwwarsa, ko kuma a ɗauki hoton walda kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti.

Bayan an auna tsagar, injiniya zai lissafa abu biyu: zurfin da in ta kai ƙarfen zai karye, da lokacin da za ta ɗauka kafin ta kai. Daga nan ake tsara tazarar dubawa, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sami damar dubawa aƙalla sau biyu tsakanin lokacin da tsaga za ta ganu da lokacin da za ta yi ɓarna, don in an kuskure ta a karon farko a kama ta a na biyu. Akwai kundayen ƙa'idoji na duniya don wannan aiki, irin su BS 7910 na Birtaniya da API 579 na masana'antun man fetur na Amurka. Amfanin lissafin ta fuska biyu ne. Yana hana a ci gaba da aiki da ƙarfen da ya kusa karyewa, yana kuma hana a zubar da ƙarfe mai tsada saboda tsagar da ba ta kai ta kawo ba.

Masu irin wannan ilmi ba su yi wa Bauchi nisa ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana koyar da aikin injiniya, haka ma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji. A Jos kuma akwai Cibiyar Bunƙasa Kimiyyar Ƙarafa ta Ƙasa. Ta fuskar doka, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta duba tukwanen tururi da sarƙoƙi da na'urorin ɗaga kaya lokaci-lokaci, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa kuma ita ke da alhakin tabbatar da ingancin rodi da tukwanen gas da ake sayarwa.

Lissafin Riba Da Asara

Ga ɗan kasuwa, tambayar ita ce wanne ya fi araha. Kuɗin dubawa sananne ne: ladan mai dubawa da yini ɗaya ko biyu da mota ko injin zai yi ba aiki, a ranar da mai shi ya zaɓa. Kuɗin karyewa kuwa ba mai iya ƙayyade shi. Ya haɗa da kuɗin janwe, da kayan da suka lalace, musamman in tumatir ne ko dabbobi, da sauran sassan da karyewar ta shafa, da kwanakin zaman jiran kayan gyara, da diyya in an ji rauni ko an rasa rai, da kuma amincin abokin ciniki, wanda in ya tafi ba ya saurin dawowa. Littafin akanta yana rage darajar injin ne bisa shekaru, alhali ƙarfe ba shekaru yake ƙirgawa ba, nauyi da juyi yake ƙirgawa. Motoci biyu sa'annin juna na iya bambanta ƙwarai a ragowar kwanakinsu.

Wannan ya shafi cinikin kayan hannu. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 2001, ya bayyana cewa a kasuwar da mai sayarwa ya san aibin kaya amma mai saye bai sani ba, mai saye yakan taya kowane kaya da farashin mai aibi, har masu kaya na gari su janye. Sabon fenti a kan shasin tsohuwar tirela na iya zama ado, yana kuma iya zama lulluɓi. Takardar shaidar dubawa daga ƙwararre za ta kare mai saye, ta ɗaga farashin kayan mai gaskiya, ta kuma ba banki da kamfanin inshora madogara wajen karɓar jingina ko tsayar da kuɗin inshora. Ƙungiyoyin masu motocin sufuri da na masu walda na iya haɗa kuɗi su mallaki na'urar aunawa guda, su horar da matasa biyu ko uku, abin da zai yi wa mutum ɗaya nauyi.

Bukatar wannan sana'a za ta ƙaru nan gaba. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin sake gina layin dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa Bauchi, a watan Nuwamban 2022 kuma aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe. Dogo da bututu da tankuna duka suna bukatar masu duba walda da masu auna tsaga. In ba a horar da su a gida ba, daga waje za a ɗauko su, kuɗin kuma ya bi su.

Kafin nan, akwai matakan da kowane mai mota ko injin niƙa ko tarakta zai iya ɗauka tun daga wannan mako. Ya buɗe wa kowane inji littafi, a riƙa rubuta ranar da aka duba shi da wurin da aka yi walda. In an ga tsaga, a yi wa ƙarshenta alama da fenti a rubuta kwanan wata, domin in ta wuce alamar, ta nuna tana raye, kuma lokacin tsayawa ya yi. Ya tsaya a kan lodin da masana'anta ta ƙayyade. Ya kuma tabbata direban da ya kawo rahoton tsaga bai gamu da faɗa ko yankan albashi ba, domin direban da aka tsawata wa sau ɗaya ba zai sake faɗa ba, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa kusa da ƙarfen.